Zauren Tambaya: Muna Son Kafa Ƙungiyar Tarihin Garinmu

Wasiƙun wannan fitowa kusan duk hanya ɗaya suka bi: mutanen gari sun tashi suna son tattara tarihinsu, su kuma baje shi a gaban jama'a. Mun miƙa tambayoyin ga ma'aikatan adana takardu da malaman tarihi, ga abin da suka ce.

Assalamu alaikum. Mu goma sha biyu ne, yawancinmu malaman makaranta, muna son kafa ƙungiyar tarihin garinmu. Wasunmu sun ce sai an fara yin rajista, wasu sun ce a fara da bikin ƙaddamarwa a gayyato manya. Wanne ne gaba?
*Wani malamin firamare, Malumfashi*

Wa alaikumus salam, Malam. Babu ko ɗaya a cikin biyun. Abin da ke gaba shi ne ku zauna ku rubuta sunayen tsofaffin garin da suka haura shekara saba'in da biyar, maza da mata, ku sa wanda ya fi tsufa ko ya fi rashin lafiya a saman takarda. Rajista tana nan ko baɗi, tsoho mai shekara casa'in kuwa ba a yi muku alkawarin zai kai kaka ba.

Kafin ku taka ƙofar kowa, ku je gaisuwa wurin hakimi ko dagaci ku faɗi nufinku. Ku roƙi a ba ku mutum ɗaya daga fada ya shiga cikinku, amma kada ya zama shugaba. Dalili shi ne kusan kowane tsohon gari yana da gidan sarauta fiye da ɗaya, kuma ranar da aka ce ƙungiyar ta gidan wane ce, sauran gidajen sun rufe muku zaure ke nan. Haka ɗan siyasa: a karɓi gudummawarsa a rubuta a littafi, kada a ɗora hotonsa a kan allon ƙungiya.

Ayyuka huɗu ne ba a iya yi ba tare da su ba: masu hira da tsofaffi, masu mayar da hirar a rubuce, ma'ajin kaya, ma'ajin kuɗi. Kada mutum ɗaya ya riƙe biyun ƙarshe. Ma'ajin kaya ya sayi babban littafi mai bangon kwali, duk abin da ya shigo hannunku, hoto ne ko wasiƙa ko tsohon takobi, a ba shi lamba, a rubuta ranar da ya zo, mai shi, da kuma ko aro ne ko kyauta, mai kayan ya sa hannu ko ya dangwala. Rashin wannan layi ɗaya na "aro ko kyauta" shi ke kawo rigima bayan rasuwar mai kaya, lokacin da magada suka zo rabon gado.

Rajista tana zama dole idan za ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya ko ku nemi tallafi. A Najeriya Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, ke yi, a sashen amintattu. Ana bukatar amintattu biyu ko fiye, tsarin mulkin ƙungiya a rubuce, da sanarwa a jaridu biyu, ɗaya ta ƙasa baki ɗaya, sannan a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Bayan an samu takarda akwai rahoton shekara-shekara da ake miƙawa, wanda ƙungiyoyi da yawa ke mantawa da shi har tara ta taru. A Nijar ma'aikatar cikin gida ke ba ƙungiyoyi izini. Bikin ƙaddamarwa kuwa ku bar shi sai kun tara abin nunawa.

Mun yi hira da dattawa biyar a kan kafuwar garinmu, kowa da nasa labarin, kuma babu wanda ya faɗi shekara. Yaya za mu gane na gaskiya?
*Wani ɗalibin jami'a, Gumel*

Ɗan'uwa, ka gode wa Allah da suka saɓa. Abin tsoro shi ne su biyar su faɗi magana ɗaya kalma da kalma, domin sau da yawa wannan alama ce ta cewa duk daga wuri ɗaya suka ji, littafin firamare ko shirin rediyo, ba daga kakanninsu ba. Saboda haka tambayar da ba a tsallakewa ita ce: "Baba, wannan daga wa ka ji?" Malaman hadisi sun riga mu sanin amfanin isnadi, wato jerin wanda ya ji daga wane. Labarin da mutum ya gani da idonsa daban, wanda mahaifinsa ya gani ya faɗa masa daban, wanda "haka muka taso muka ji" daban. Ku rubuta matsayin kowanne a gefen takarda.

Kada ku tara dattawa wuri ɗaya a hirar farko. Wanda ya fi girman rawani zai yi magana, sauran su ce "haka ne, ranka ya daɗe", ku tashi da labari ɗaya maimakon biyar. A bi kowa gidansa. Kuma kada ku tsaya a fada: sarkin magina, sarkin pawa, maƙera, marina, limamai, makaɗan fada da maroƙa kowa yana riƙe da ɓangarensa. Kirari da waƙar fada sukan adana sunan sarkin da jerin sarakuna na hukuma ya jefar. Tsofaffin mata kuwa su ne suka san wa ya auri wa, wace unguwa ta taso daga wace, kuma mace ce ya kamata ta je musu, don akwai abin da ba za su faɗa wa namiji ba.

Batun shekara, ba a tambayar tsoho "a wace shekara?" Ana jingina masa abin da ya sani. Ku rubuta jerin matakan da aka tabbatar da shekarunsu ku riƙe a aljihu: Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, yunwar da ake kira Kakalaba, 1913 zuwa 1914, zuwan Sarauniyar Ingila, 1956, 'yancin kai, 1960, rasuwar Sardauna, Janairun 1966, komawa tuƙi hannun dama, 1972, canjin kuɗi daga fam zuwa naira, 1973, kisan Janar Murtala, 1976. Na Nijar su ƙara da juyin mulkin Seyni Kountché na 1974. Sai ku ƙara na garinku: sarautar kowane hakimi, shekarar gobarar kasuwa, shekarar fari. Daga nan tambaya ta zama: "Lokacin da aka canza kuɗi, an riga an tashi kasuwar daga bakin rafi?" "Kina da 'ya'ya nawa a lokacin?" Da tambaya biyu ko uku irin wannan sai ka matse abu a tsakanin shekara biyar.

Abin da ya faru kafin zamanin Turawa ya fi wuya. Ana ƙiyasi da zuriya, a ba kowane uba da ɗa shekara 25 zuwa 30, amma a lura: a sarautar Hausa ƙane yakan gaji wa, don haka sarakuna goma ba zuriya goma ba ne, suna iya zama huɗu. Jerin sarakuna kuma yakan tsuke, a manta waɗanda ba su daɗe ba ko waɗanda aka tuɓe. Labarin "daga Gabas muka zo" ku ɗauke shi yadda aka faɗa, kada ku yi gardama da mai gida a zaurensa, kada kuma ku buga shi a matsayin abin da aka tabbatar.

Kayan aiki: waya mai kyau ta isa, amma a sa ta a yanayin jirgin sama don kada kira ya yanke ɗauka. Makirufon da ake maƙalawa a wuyan riga ya fi komai amfani, a tazarar taƙi ɗaya daga baki. A kashe fanka, a nisanci janareta da injin niƙa. Idan wayar tana ɗauka a tsarin WAV, wanda ba ya rage ingancin sauti, a zaɓe shi, awa guda kan ci megabait 350 zuwa 700. Farkon kowace ɗauka a faɗi rana, wuri, sunan mai magana, sannan a tambaye shi a cikin ɗaukar ko ya yarda a sa muryarsa a gaban jama'a, da abin da yake son a ɓoye. Kada hira ta wuce awa ɗaya. Gara a koma sau uku, domin abin da ya fi daraja yakan fito a zuwa na biyu, bayan tsoho ya kwana yana tunani. Ku sani kuma awa guda ta magana tana cin awa shida ko fiye wajen rubutawa. A rubuta da karin harshen mai magana, Basakkwace ya fito Basakkwace, kada a gyara masa Hausa. A ajiye kwafi uku a wurare daban-daban, ɗaya ba a cikin garin ba. WhatsApp hanyar aikawa ce, ba rumbu ba.

Kakanmu malami ne, ya bar adaka biyu cike da takardun Larabci da ajami. Wasu sun fara cinyewa. Ƙanena ya ce a kai a yi musu laminashin. Ya dace?
*Wata uwar gida, Zariya*

Hajiya, ki hana shi tun yau. Laminashin zafi ne da gam da leda, idan aka liƙa ba a ɓarewa, kuma takardar tana ci gaba da lalacewa a ciki. Haka salatif: bayan 'yan shekaru gam ɗinsa yakan koma ruwan ƙasa ya ci rubutun. Kada a sa su a leda, don leda tana riƙe laima a damina sai fumfuna ta kama. Kada a fesa fiya-fiya ko kananzir a kansu. Kada a shanya su a rana. Kada a goge da ɗanyen tsumma, domin tawadar gawayi da ƙaro da ruwa ake wanke ta, kamar yadda kowane almajiri ya sani daga allonsa.

Abu mafi muhimmanci: kada a hargitsa jerinsu. Littattafanmu na da ba a ɗinke suke ba, warƙa-warƙa ne a cikin tadarishi, a sa a gafaka, kuma galibi ba lambar shafi. Abin da marubuci ke yi shi ne ya rubuta kalmar farko ta shafi mai zuwa a ƙasan wanda ya gama. Da wannan kalma ake mayar da littafin da ya watse, amma aiki ne na makonni. Saboda haka a ɗauko ƙunshi ɗaya ɗaya, da wankakken hannu busasshe, a kan tabarma mai tsabta a inuwa, ba fanka. A kakkaɓe ƙura da buroshi mai taushi. Wanda ƙwari ke ciki a ware shi daban. A naɗe kowane ƙunshi da farin alawayyo da aka wanke aka cire masa sitaci, a sa a kwali, a ɗora a kan kantar ƙarfe da ta ɗaga daga ƙasa kamar kamu ɗaya, kuma ba ta jingina da bango ba, don ta bango da ƙasa gara ke hawa. A riƙa dubawa sau biyu a shekara, farkon damina da ƙarshenta.

Sai ɗaukar hoto. A shimfiɗa warƙa a kan baƙin yadi kusa da taga, ba filasha, waya a saitin sama daidai, a ajiye rula a gefe don a san girman takardar. A ɗauki gaba da baya, har shafin da ba komai, har ƙananan takardun da aka cusa a tsakani. Waɗannan ƙananan su ne sau da yawa suka fi amfani ga tarihin gari: wasiƙar sarki, shaidar bashi, rabon gado, ranar haihuwar ɗa.

Don sanin shekarunsu a duba shafin ƙarshe, inda mai kwafi kan rubuta sunansa da shekarar Hijira. Lissafin mayarwa: a raba shekarar da 33, a cire abin da ya fito daga cikinta, a ƙara 622. Misali 1320: a cire 40, saura 1280, a ƙara 622, ya ba da 1902, shekarar da 1320 ta fara kafin ta shiga 1903, kuma lallai a cikin 1320 ne Kano ta faɗi, a Fabrairun 1903. Wasu da ramzi suke rubuta shekara, wato haruffa a madadin lambobi, kuma a nan ake yawan kuskure: malamanmu lissafin Magariba suke bi, inda harafin shin yake 1000, alhali a lissafin Gabas 300 ne. Wanda ya ɗauko jadawalin da ba shi ba zai yi ɓatan shekara ɗari bakwai. Idan aka ɗaga takarda a haske aka ga alamar jinjirin wata uku, wannan takardar Italiya ce da fatake suka riƙa kawowa ta hamada.

Kina Zariya, taimako yana kusa. Jami'ar Ahmadu Bello tana da shirin binciken tarihin Arewa tun shekarun 1960, ga kuma Arewa House a Kaduna, a gidan Sardauna, wadda Farfesa Abdullahi Smith ya jagoranci kafawa a 1970. Na Sakkwato suna da Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu, na Nijar suna da cibiyar binciken ilimin ɗan Adam, IRSH, a Yamai. Ba dole ne iyali su rabu da takardunsu ba. Ana iya yarda a ɗauki hoto asalin ya zauna a gida. Duk abin da zai fita daga gidan, a ƙirga warƙoƙinsa a rubuta, a sa hannu.

Mun shirya lacca sau biyu. Ta farko mutum goma sha tara suka zo, ta biyu ta ƙare da cacar baki a kan wane gida ne ya fara sarauta. Mu haƙura?
*Sakataren wata ƙungiya, Birnin Kebbi*

A'a, Malam, ku canza salo. Mutane ba sa guje wa tarihi, lacca suke guje wa: awa guda ana gabatar da manyan baƙi, sannan wani ya karanta takarda mai shafi ashirin. Ku rage gaisuwar manya zuwa minti biyar, mai jawabi minti ashirin da biyar da Hausa ba tare da karantawa ba, sauran lokaci na jama'a. Bayan La'asar zuwa kafin Magariba ya fi, ba ranar kasuwa ba, ba tsakiyar noma ba. Kwana biyu ko uku bayan Sallah lokaci ne mai kyau, 'yan gari mazauna birane duk suna gida.

Shirin da ya fi jan jama'a shi ne na tsofaffin hotuna. A aro hotuna talatin ko arba'in daga gidaje, a wanke manyan kwafi, a ba kowanne lamba, a liƙa a bangon makaranta, a ajiye mai rubutu ɗaya ga kowane hoto goma. Jama'a da kansu za su faɗi wane ne wannan, ina ne nan, wace shekara. Kun yi taro, kun kuma yi bincike a zama ɗaya. Asalin hotunan su koma ga masu su kafin ranar. Mata a yi musu nasu zaman a makarantar Islamiyya, in ba haka ba ba za su yi magana ba.

Rigimar sarauta kuwa laifin take ne. Shekara biyu na farko ku tsaya a kan abin da ya haɗa kowa: tarihin kasuwa, rini, fatauci, tafiyar Hajji ta ƙasa, zuwan makarantar boko, shekarun yunwa. Ku a Kebbi kuna da Surame, tsohon birnin Kabi, da Kanta wanda ya kafa daular, abin da zai ishe ku shekara guda. Abubuwa uku ba a kai su gaban lasifika sai ƙungiya ta yi ƙarfi: gadon sarauta, iyakar ƙasa, da asalin bauta. Na ukun ma ba a ambaton sunan gida ko kaɗan, domin jikoki suna nan suna neman aure. Idan dole ta sa aka taɓo sarauta, a karanta riwayar kowane gida da sunan wanda ya ba da ita, kada ƙungiya ta yanke hukunci. Ba kotu ba ce.

Ina son kai ɗalibaina su ga ganuwa da tsofaffin wurare. Me zan shirya?
*Wata malamar sakandare, Kano*

Malama, ki fara zuwa ke kaɗai ki bi hanyar da ƙafa. Wuri uku sun isa yini ɗaya, misali Gidan Makama, marinar Ƙofar Mata, da Dala. Ki sanar da masu kula da wurin mako guda kafin ranar. Yara ashirin ga babba ɗaya, a fita da ƙarfe bakwai da rabi a dawo kafin Azahar, kowa da ruwansa. Kowane yaro ya riƙe tambaya uku da zai samo amsarsu da zane ɗaya da zai yi, in ba haka ba hoton waya kawai za a yi. Kada a bar su hawa ganuwa: ginin ƙasa ne da aka fara tun zamanin Sarki Gijimasu, wajen shekara ɗari tara da suka wuce, kuma ɗibar ƙasa da ruwan sama sun riga sun ci ƙasansa. Gidajen tarihi sukan yi shiri na musamman ranar 18 ga Mayu, Ranar Gidajen Tarihi ta Duniya.

Ina ake samun abin da Turawa suka rubuta a kan garinmu?
*Wani ma'aikaci mai ritaya, Dutsin-Ma*

Alhaji, a Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. Sauran manyan rassan biyu suna Ibadan da Inugu. An jera fayiloli bisa larduna: Kanoprof, Sokprof, Zarprof, Katprof da sauransu. Sai ka san lardin da garinku yake a lokacin, ba jihar yau ba. Ƙasar Katsina tana ƙarƙashin lardin Kano har 1926, ta koma na Zariya, sai a 1934 ta zama lardi mai zaman kanta, don haka takardunku suna warwatse a fayilolin larduna uku. Ka nemi rahotannin ƙiyasin haraji da littattafan gunduma. A ciki ake samun yawan mutane, dabbobi, sana'o'i, ranakun kasuwa da jerin dagatai. Ka gwada sunan gari da rubutu iri-iri, don Gwandu sukan rubuta Gando, Katsina kuma Katsena. Alƙalumansu a karɓa da hattara: ta bakin tafinta Di'o, jami'in mulki na Turawa, ya ji, kuma mai gudun haraji da jangali ba ya faɗin gaskiyar yawan gidansa ko shanunsa. Ka tafi da katin shaida da wasiƙar ƙungiya, ka ware kwana uku aƙalla, ka rubuta lambar kowane fayil kafin ka buɗe shi. Na Damagaram da Maraɗi nasu suna Yamai, wasu a Dakar, wasu a Faransa.

Wani manomi a ƙauyenmu ya tono kan mutum-mutumi na yumɓu a gonarsa. Wani baƙo ya zo zai saya. Ƙungiyarmu ta karɓa ta ajiye?
*Wani matashi, Kwatarkwashi*

Kada a sayar, kada kuma a ci gaba da tono. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana cinikin irin waɗannan kaya, ta hana tono ba izini, ta hana fitar da su waje. Yankinku ya riga ya yi asarar irinsu da yawa a hannun dillalai. Ku ɗauki hoton abin da ramin da ya fito, ku auna zurfinsa, ku rubuta wurin da taswirar waya. Kada a wanke shi, kada a liƙa abin da ya fashe, kuma kada a zubar da gawayi ko katangar tukwanen da ke tare da shi, domin da gawayin ake auna shekaru. A mayar da ƙasa a rufe ramin, a sanar da dagaci, sannan a rubuta wa gidan tarihi na ƙasa mafi kusa. Ƙungiya tana iya riƙe shi amana kafin su zo, a naɗe a yadi a cikin kwali, da takarda mai sa hannun manomin da dagaci.